Saitin Bawul: Kafin Ka Bi Bidiyon YouTube, San Irin Injin da Ke Gabanka

Idan aka cire waya daga lissafi, injuna uku ne suka fi riƙe da neman abincin matashi a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa. Akwai babur ɗin da ake acaba ko zuwa kasuwa da shi. Akwai injin ban-ruwa da ke jan ruwa zuwa fangalin tumatir da albasa da rani. Sai janaretan da ke riƙe da shagon caji ko na aski idan an ɗauke wuta. Kusan dukkansu silinda ɗaya gare su da bawul biyu, kuma a kan kowane bawul akwai wani ɗan gibi da faɗinsa bai wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba. Wannan ɗan gibin ne sau da yawa ke raba injin da zai yi shekaru yana aiki da wanda zai mutu a tsakiyar ban-ruwa.

A da bakanike kaɗai ke taɓa wurin. Yanzu mai babur da kansa yana shiga YouTube ko TikTok ya nemi yadda ake saitin bawul, ya ɗauko sifana ya gwada. Wannan ba laifi ba ne, ci gaba ne ma. Matsalar ita ce da yawa daga cikin bidiyon da ke fitowa daga Amurka suke, kuma a kan manyan injuna masu silinda takwas aka yi su. Za ka ji mai bidiyon yana cewa: ɗaure notin har gibin ya rufe gaba ɗaya, sannan ka ƙara rabin zagaye. Gaskiya ya faɗa, amma game da injinsa. Idan ka yi wa Boxer ko injin ban-ruwa haka, ka kama hanyar ƙona bawul da hannunka.

Aikin bawul a taƙaice

Injin da ke cikin mafi yawan baburanmu da janaretocinmu yana aiki ne a kan tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. Fistin yana tafiya sau huɗu kafin aiki ɗaya ya cika: ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Bawul ƙofa ce. Ɗaya na buɗewa iska da mai su shiga, ɗayan na buɗewa hayaƙi ya fita ta salansa. A lokacin matsewa da fashewa dole ne duka biyun su rufe ruf.

Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, wani ƙarfe mai tozo da ke juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu. Tozon ya tura roka, roka ta danna kan bawul, sifirin kuma ya mayar da shi. A wasu injunan, kamar na ban-ruwa, kamshaf na ƙasa ne, sai wata 'yar sanda ta ɗauki turin ta kai wa roka a sama. Don ka gane saurin abin: babur da ke juyi 6,000 a minti ɗaya, kowane bawul nasa yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya.

Me ya sa ake barin gibi?

Ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi. Kan bawul ɗin hayaƙi yana iya haura digiri 600 a ma'aunin Salsiyos idan inji na cikin aiki. Sandar ƙarfe mai tsawon milimita 65, idan zafinta ya ƙaru da digiri 300, tana ƙara tsawo da kusan milimita 0.2. Kan silinda shi ma yana buɗewa da zafi, don haka wani ɓangare na miƙewar yana tafiya a nan, amma ba duka ba, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Kamfanin da ya ƙera injin ya lissafa wannan bambanci, ya ce a bar wuri kaza tsakanin roka da kan bawul idan inji na sanyi. Wurin nan shi ne gibin bawul. Makanikai na cewa saitin bawul ko saitin tafet, masu bidiyon Amurka kuma na kiransa lash.

A ƙananan babura gibin yakan faɗa tsakanin milimita 0.05 da 0.10. Honda CG125, wanda kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi injinsa, milimita 0.08 ake ba shi. Injin Honda GX200, uban gidan yawancin injunan ban-ruwa da matsakaitan janaretoci, littafinsa ya ce 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.20 a na hayaƙi. Takardar da ake buga hoto da ita a shagon kwamfuta kaurinta kusan milimita 0.1 ne. Ka ga ke nan ana maganar abin da ido ba ya iya aunawa.

Injin da ya yi shiru ba shi ne lafiyayye ba

Da yawa cikinmu idan mun kai babur gareji buƙatarmu ɗaya ce: a kashe mana ƙarar nan ta kas-kas-kas. Bakanike kuma yana son mai kaya ya tafi yana murna, sai ya matse gibin har ƙarar ta ɓace. A nan ake neman gira a rasa ido.

Idan gibi ya yi yawa, roka tana dukan kan bawul maimakon ta danna shi a hankali. Za ka ji ƙara, ƙarfi ya ɗan ragu domin bawul bai buɗe yadda ya kamata ba, kuma a hankali kan sukurun da na bawul suna cinyewa. A injin ban-ruwa da janareta akwai ƙarin alama: igiya ta yi tauri ko ta fizge hannu. Dalili shi ne akwai wani ɗan ƙarfe a jikin kamshaf da ke ɗaga bawul kaɗan lokacin tayarwa don ya rage matsi. Idan gibi ya yi faɗi, ɗan turin nan yana ƙarewa a cikin gibin bai kai ga bawul ba.

Duk wannan matsala ce, amma mai ba da sanarwa ce. Wadda ba ta sanarwa ita ce ta matsewa. Idan gibi ya yi kaɗan, da inji ya ɗau zafi bawul ya miƙe, sai ya kasa zama daram a mazauninsa. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, matsi yana zurarewa, sai babur ya rasa ƙarfi a hawa, ya riƙa mutuwa idan an sassauta totur, ya ƙi tashi idan ya yi zafi, ko ka ji kiki ya yi laushi a ƙafa. Na biyu ya fi muni. Bawul ɗin hayaƙi ba shi da wata babbar hanyar huce zafi sai ta taɓa mazauninsa, kusan kashi uku cikin huɗu na zafinsa ta nan yake fita. Idan bai zauna ba, ba ya hucewa, kuma wutar fashewa tana bi ta ɗan tsagin kamar wutar mai walda. Gefen bawul ya fara cinyewa, daga nan ya tsage. Aikin da fila-geji da minti talatin za su gama ya koma sauke kan silinda, sayen bawul da gasket, da kwana biyu ko uku babu aiki. Ga mai tumatir a watan Maris, kwana uku babu ruwa ba ƙaramar magana ba ce.

Shi ya sa tsofaffin makanikai ke gwammace ɗan ƙaramin kas-kas a inji mai sanyi a kan shiru ɗungurungum.

To me Ba'amurken bidiyon yake yi?

Injinsa yana da wata na'ura da namu ba su da ita: tafet mai aiki da baƙin mai, wanda ake kira haidirolik lifta. Ba sabon abu ba ne, tun a 1930 kamfanin Cadillac ya saka irin wannan dabara a motarsa mai silinda 16. Ka ɗauke shi kamar ƙaramin sirinji na ƙarfe da ke zaune tsakanin kamshaf da sandar da ke tura roka. A cikinsa akwai ɗan fistin, da ɗan sifirin, da wata 'yar ƙwallo mai barin mai ya shiga amma ba ta barinsa ya koma. Famfon mai na inji yana cika shi. Idan gibi ya so buɗewa, sifirin ya ɗaga ɗan fistin, mai ya cike wurin. Idan tozon kamshaf ya zo, ƙwallon ta rufe, kuma da yake mai ba ya matsuwa, sai na'urar ta zama tamkar dunƙulen ƙarfe ta tura bawul. Idan ƙarfe ya miƙe saboda zafi, ɗan mai kaɗan ya tsiyaye ta gefe, tsawon ya ragu. Wato na'urar tana saita kanta sau dubbai a minti ɗaya, kuma gibi kullum sifili ne.

Wanda ake kira rola kuwa, an ƙara masa 'yar taya a ƙasa da ke birgima a kan kamshaf maimakon gogayya. Wannan yana rage cin ƙarfe, yana kuma ba da damar a yi tozo mai tsini wanda ke buɗe bawul da sauri, abin da masu tseren mota ke so. Ford ya saka shi a Mustang mai lita 5.0 a 1985, Chevrolet kuma a injunansa masu silinda takwas na motocin hawa daga 1987.

Domin na'urar ta iya gyara kanta sama da ƙasa, dole ɗan fistin ɗin cikinta ya zauna a wani wuri cikin hanyarsa, ba can ƙarshen sama ba. Danna shi ƙasa kaɗan tun daga farko shi ne firilod, mu ce danniyar farko. Yadda suke yi shi ne su juya inji har tafet ɗin ya sauka daga tozo. Dabarar da aka fi sani: idan bawul ɗin hayaƙi ya fara buɗewa, a saita na shiga, idan na shiga ya kusa gama rufewa, a saita na hayaƙi. Sai su riƙa ɗaure notin roka suna motsa sandar da yatsu har wasan da take yi sama da ƙasa ya ƙare. Nan ne sifilin gibi. Daga nan su ƙara rubu'i, rabi ko cikakken zagaye, gwargwadon abin da mai ƙera tafet ɗin ya rubuta. Yawanci danniyar tana faɗawa tsakanin milimita 0.5 da 1.5. Idan ta yi kaɗan, inji ya yi ƙara. Idan ta yi yawa, a babban gudu mai yana iya cika tafet ɗin fiye da kima ya hana bawul rufewa. A injunan LS na General Motors, waɗanda suka fara fitowa a 1997, babu ma notin saiti, tsawon sandar turi ne ke yanke yawan danniyar.

Abin lura a nan shi ne, rabin zagayen nan ba bawul yake dannawa ba. Ɗan fistin ɗin cikin tafet ne ke shanye shi.

Rabin zagaye a kan babur

Babur ɗinka ba shi da abin da zai shanye komai. Daga kamshaf zuwa bawul ƙarfe ne a kan ƙarfe. Sukurun saiti na ƙananan injuna yana tafiya tsakanin milimita 0.5 da 1 a kowane cikakken zagaye. Idan ka rufe gibin ka ƙara rabin zagaye, ka tura bawul ƙasa da milimita 0.25 zuwa 0.5, ka bar shi a buɗe ko da yaushe. Inda kamfani ya ce a bar sarari na 0.05, kai ka cinye sararin ka kuma shiga ciki da ninkinsa biyar zuwa goma. In ka yi sa'a, babur ɗin zai ƙi tashi kawai, ka gane akwai matsala. In ka ƙara kaɗan ne, ya tashi ya yi shiru mai daɗin ji, to wannan ne mai haɗari.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan tarko. Za ka samu amsa a intanet wadda dubban mutane suka yaba, ka kwafo, ta rusa maka aiki, domin an rubuta ta ne don wani tsari daban da naka. Amsar ba ƙarya ba ce, ba taka ba ce kawai. Tambayar farko kullum ita ce: a kan wane tsari nake?

Wane irin inji ke gabanka?

*Marasa bawul sam.* Ƙaramin janareta Tiger da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, tsohon Jincheng AX100 da tsohuwar Vespa. Waɗannan fistin ne da kansa ke buɗe ramukan shiga da fita. Duk wanda ya ce zai yi maka saitin bawul a kansu, kuɗinka yake so.

*Masu sukuru da noti.* Bajaj Boxer, TVS, Haojue da babura masu irin injin CG, adaidaita sahu na zamani, injunan ban-ruwa da janaretoci masu irin injin GX. Haka tsohuwar Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da Honda Accord da Civic da yawa. Duk waɗannan gibi ake bar musu, kuma da geji ake auna shi.

*Masu gibi amma babu sukuru.* Toyota Corolla mai injin 1ZZ, irin ta 2003 zuwa 2008. Ana auna gibin da geji, amma gyaransa sai an sauya wani ɗan kofin ƙarfe da mai kauri daban. Aikin ƙwararre ne.

*Masu haidirolik.* Golf 3 da ke jigila a hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura tana cikinsu, haka Corolla mai injin 2ZR da ta biyo bayan 1ZZ. Waɗannan ba a saita musu komai. Irin injin da ke cikin bidiyon Amurka kuwa, mai silinda takwas da sandunan turi, sai a manyan motoci kamar Chevrolet Suburban, GMC Yukon da Cadillac Escalade za ka gan shi a ƙasar nan.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa: nemi lambar inji da aka buga a jikinsa, ka ɗauke ta hoto, ka nemi littafin wannan lambar. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba. Ko a Honda GX160, tsofaffin samfura da sababbi ba gibi ɗaya aka rubuta musu ba.

Yadda ake saitin a babur da injin ban-ruwa

Kayan aiki: fila-geji, wato tarin siraran ƙarafa masu lamba a jiki, sifana daidai notin, sukundireba ko ɗan makullin da ya dace da kan sukurun, da sifanar fulogi.

1. Bari inji ya huce sarai. Mafi kyau a yi da safe kafin a tayar da shi.
2. Goge ƙura daga kan silinda kafin ka buɗe murfin bawul, don kada yashi ya faɗa ciki. Cire fulogi.
3. Juya inji a hankali ta inda ya saba juyawa. A babur, buɗe ɗan ramin da ke gefen maganeto ka daidaita alamar T da tsagin da ke jikin murfi. A injin ban-ruwa, ja igiya a hankali har fistin ya kai ƙololuwa, ka ɗan wuce kaɗan don ɗan ƙarfen rage matsi ya saki bawul.
4. Tabbatar kana kan ƙololuwar matsewa. Fistin yana zuwa sama sau biyu, ɗaya ce kawai daidai. Kama rokoki biyun ka motsa. Idan duka suna ɗan wasa, ka dace. Idan sun ƙame, juya cikakken zagaye ɗaya ka sake gwadawa. Idan har yanzu ɗaya a ƙame yake, gibinsa ya riga ya rufe.
5. Auna kafin ka kwance komai, ka rubuta abin da ka samu.
6. Sassauta noti, zura gejin da ya dace, juya sukuru har ka ji gejin yana wucewa da ɗan ja kaɗan, ba a sake ba, ba kuma da ƙarfi ba.
7. Riƙe sukurun kada ya motsa, ka ɗaure noti. Sake aunawa, domin ɗaure noti yakan sauya gibin. Gwajin tabbatarwa: gejin da ke gaba da naka a kauri bai kamata ya shiga ba.
8. Mayar da murfi da robarsa, ka juya inji da hannu sau biyu ko uku kafin ka tayar.

Wasu na amfani da reza maimakon geji. Kaurin reza kusan milimita 0.1 ne, don haka tana iya yin kusa a wani injin, amma ta ninka abin da mai 0.05 ke buƙata, kuma rabin abin da bawul ɗin hayaƙin GX200 ke so ce. Fila-geji bai kai kuɗin bawul da gasket ba, kuma sau ɗaya ake sayensa.

Yaushe ya kamata a duba?

Gibi ba ya zama yadda aka bar shi. Cinyewar roka da sukuru tana faɗaɗa shi. Nutsewar bawul cikin mazauninsa kuma tana matse shi, domin duk lokacin da kan bawul ya nutse, wutsiyarsa tana ƙara matsowa kusa da roka. Wato injin da a da yake ɗan kas-kas, yanzu ya yi tsit ba tare da an taɓa shi ba, yana buƙatar a duba shi.

Littafin injunan Honda GX ya ce a duba gibin duk shekara ko duk awa 300 na aiki. Mutane na riƙe shekarar su manta da awannin. Injin da ke ban-ruwa awa takwas kullum yana cika awa 300 cikin kwana 38. Ke nan a noman rani ɗaya, daga Nuwamba zuwa Afrilu, ya kamata a duba shi fiye da sau ɗaya.

Abubuwa biyu na ƙara saurin matsewar a yankinmu. Na farko ƙura. Hanyoyin ƙauyukan Gwiwa da Roni, da yashin Babura a lokacin hunturu, suna cika matatar iska da wuri. Idan soson ya yage ko an cire shi don inji ya "sha iska", ƙurar tana bi ta bawul ɗin shiga tana goge fuskarsa kamar sanfefa. Na biyu gas. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoma da masu janareta da yawa a Arewa sun sauya kafireta sun koma gas ɗin girki. Gas busasshen makamashi ne, ba ya sanyaya bawul da mazauninsa yadda fetur ke yi, don haka a injin da ba a ƙera mazaunin bawul ɗinsa don gas ba, nutsewar tana iya yin sauri. Wanda ya koma gas ya kamata ya ƙara yawan duba gibi, musamman na hayaƙi.

Abin da wayarka za ta iya, da wanda ba za ta iya ba

Waya ba ta auna gibin bawul. Babu manhajar da za ta saurari inji ta gaya maka milimita nawa ne. Amma tana da amfani ta hanyoyi biyar.

Na ɗaya, littafin inji. Sauke shi a PDF ka ajiye a waya, don ranar da za ka buƙace shi a gona wataƙila babu sabis.

Na biyu, sauya ma'auni. Amurkawa da inci suke aiki. Inci 0.001 daidai yake da milimita 0.0254. Don haka 0.002 shi ne 0.05, 0.003 kusan 0.08 ne, 0.004 shi ne 0.10, 0.006 shi ne 0.15, 0.008 kuma 0.20. Yawancin gejin kasuwa lambobi biyun duka suna jikinsu. Wanda ya ga .006 ya ɗauka milimita 0.06 ne, ya bai wa injinsa ƙasa da rabin abin da yake buƙata.

Na uku, sauti. Ɗauki muryar injinka yana sulo kafin saiti da bayan saiti, daga wuri ɗaya, ka ajiye. Manhajoji kamar Spectroid da phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi, suna nuna sauti a zane. Ƙarar bawul siririya ce mai tsari, daga saman inji take fitowa, kuma tana bin rabin gudun inji: a juyi 1,400, kowane bawul yana bugawa kusan sau 12 a daƙiƙa. Ƙarar taimin cen kuwa kamar jan sarƙa take, ta ƙasan inji kuma mai nauyi ce. Wannan zai taimaka maka ka yi wa bakanike bayani, ba zai maye gurbin geji ba.

Na huɗu, tarihi. Buɗe ɗan rubutu a waya: kwanan wata, kilomita ko awanni, gibin da ka tarar, gibin da ka bari. Idan bawul ɗaya yana matsewa duk lokacin da ka duba, yana gaya maka ya kusa ƙarewa tun kafin ya tsayar da kai a hanya.

Na biyar, ga masu mota, ɗan na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth tana karanta lambobin matsala. P0301, alal misali, tana nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. Ba za ta ce maka bawul ne ba, amma ta nuna inda za a fara bincike.

Game da ChatGPT da 'yan uwansa, suna da kyau wajen fahimtar da kai yadda abu ke aiki. Amma suna iya ba ka lamba da cikakken ƙarfin gwiwa alhali ta wani injin ce. Duk lambar da za ta shiga injinka, ka gan ta da idonka a littafin kamfani ko a takardar da ke manne a jikin abin hawan.

Idan motarka mai haidirolik ce

Saitinta shi ne baƙin mai. Ramukan da mai ke bi cikin tafet ƙanana ne ƙwarai, datti kaɗan ke toshe su. Ƙarar daƙiƙa biyu ko uku da safe, wadda ke ɓacewa da mai ya hau, ba abin damuwa ba ce. Wadda ta ƙi tafiya bayan inji ya ɗumama tana nuna ƙarancin mai, dattin mai, raunin famfo, ko tafet ɗin da ya mutu. Zuba mai mai kauri don a rufe bakin ƙarar ba magani ba ne, a injin da aka ƙera don siririn mai irin 5W-30 yana iya ƙara jinkirta isar man sama. Yi amfani da wanda littafi ya ce, ka sauya shi da matatarsa a kan lokaci, ka guji na awo da ba ka san asalinsa ba.

Ga mai babur, injin ban-ruwa ko janareta kuwa, tambayoyi uku sun ishe ka idan ka je gareji a Kazaure ko Babura: Injin ya huce? Da wane geji za a auna? Nawa aka tarar, nawa aka bari? Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan ba. In kuma da kanka za ka yi, kafin ka danna bidiyo, duba injin da ke hannun mai bidiyon ka duba naka. Idan ka ji ya ce a rufe gibi a ƙara zagaye, ba da kai yake ba.